Sassa Da Yawa, Layin Wuta Ɗaya: Yadda Ake Ɗaga Manhajar Java Zuwa Sabon Zubi



A watan Mayun 2019, Mike Milinkovich, babban daraktan Gidauniyar Eclipse, ya fitar da wata sanarwa da ta jefa dubban magina manhaja cikin aikin da ba su nema ba. An shafe kimanin watanni 18 ana tattaunawa da kamfanin Oracle, aka tashi ba a daidaita ba. Tun 2017 Oracle ya miƙa wa gidauniyar Java EE, wato tarin ƙa'idojin da ake gina manyan manhajojin intanet na bankuna da ma'aikatu a kansu, amma ya riƙe sunan Java a matsayin tambarin kasuwancinsa. Sharaɗin da ya kafa shi ne a ci gaba da amfani da duk abin da ke ƙarƙashin sunan javax yadda yake, ba ƙari, ba ragi. Ƙa'idar da aka hana taɓawa kuwa ba ta da gobe. Sai gidauniyar ta zaɓi ta kwashe komai ta mayar ƙarƙashin sabon suna, jakarta, a karo guda.

An yi wannan kwasa a ƙarshen 2020, da fitowar Jakarta EE 9. Abin da ake rubutawa javax.servlet ya koma jakarta.servlet, javax.persistence ya koma jakarta.persistence, haka dai har ƙasa. Sabar Tomcat ta bi sahu a zubinta na 10. Mutane da yawa sun kau da kai, don manhajojinsu na aiki lafiya a kan tsohon tsari. A watan Nuwamban 2022 ne kau da kan ya ƙare, lokacin da Spring Framework 6 da Spring Boot 3.0 suka fito da sharuɗɗa biyu: sai jakarta, kuma sai Java 17 ko abin da ya fi shi. Daga nan duk wanda manhajarsa ke kan Spring, kuma suna da yawan gaske, ya san ƙaura ta zama dole.

Firemwok irin su Spring kod ne da wasu suka riga suka rubuta don ɗaukar ayyukan da kowace manhajar intanet ke buƙata: karɓar saƙo daga burawuza, tantance mai shiga, magana da rumbun bayanai, haɗa ɓangarori wuri guda. Rod Johnson ne ya dasa tushen Spring a wani littafi da ya wallafa a 2002, zubin farko ya fito a 2004, Spring Boot kuma a 2014. Ita kuwa manhaja mai sassa ita ce wadda aka tsattsaga ta gida-gida: sashen rajista daban, na kuɗi daban, na rahoto daban, na tsaro daban, kowane da fayilolinsa, sau da yawa kuma da mutanen da ke kula da shi. Kamar babban gida ne da kowane magidanci ke da sashensa da makullinsa, amma layin wuta ɗaya ya shigo, mita ɗaya ce. Kowa na iya fentin ɗakinsa ranar da ya ga dama. Ranar da za a sauya layin wutar kuwa, gidan duka ne zai shiga duhu tare.

Dalilin haka a aikace yake. Duk yawan sassan, idan aka zo tayar da manhajar, ana tattara su cikin fayil ɗaya na WAR ko JAR, su hau injin Java ɗaya, su riƙa ɗiban kod daga jerin wurare ɗaya. Ba zai yiwu sashen rajista ya yi aiki da Spring 6 alhali na kuɗi yana kan Spring 5 a cikin wannan injin ba. A wurin Java, javax.servlet.Filter da jakarta.servlet.Filter abubuwa biyu ne da ba su san juna ba, ko da abin da ke cikinsu iri ɗaya ne harafi da harafi. Shi ya sa wanda ya ɗauki tsohon fayil na WAR ya ɗora a kan Tomcat 10 yakan ga abin mamaki: sabar ta tashi, ba ta yi wani ƙorafi mai ƙarfi ba, amma kowane shafi aka buɗe sai 404.

Maganar ba ta tsaya a Turai da Amurka ba. DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ke jagorantar gina ta, wadda ma'aikatun lafiya na Najeriya, Nijar, Ghana da Kamaru ke tattara alƙaluman asibitoci da ita, da Java aka rubuta ta, a kan Spring da Hibernate, kuma a kan Tomcat take zama. OpenMRS, wadda aka fara a 2004 don asibitocin Eldoret a Kenya, ita ma haka, kuma ita ginin sassa ne tsantsa: akwai uwa, sannan kowace ƙasa ko ƙungiya ta rubuta nata sassan ta maƙala. A kanta aka gina NigeriaMRS da ake adana bayanan marasa lafiya da ita a asibitoci da dama. Duk ranar da uwar ta sauya zubi, injiniyan da ya rubuta sashe a Abuja ko Yamai sai ya koma kan kod ɗinsa, ko yana so ko ba ya so.

Tambayar da manaja kan fara yi ita ce: abu na aiki, me ya sa za a taɓa shi? Kamfanin Equifax na Amurka ya sayi amsar da tsada. A ranar 7 ga Maris 2017 aka fitar da faci na wata ɓaraka a Apache Struts, wani firemwok na Java da ya girmi Spring. Wata manhajar kamfanin, wadda jama'a ke shigar da ƙorafi ta cikinta, ba ta samu facin ba. Daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuli masu kutse suna ciki suna kwasa, har suka tafi da bayanan mutum kusan miliyan 147. Shugaban kamfanin, Richard Smith, ya bar kujerarsa a watan Satumba, kuma a 2019 kamfanin ya amince da biyan abin da zai iya kai dala miliyan 700. Abin lura a binciken da ya biyo baya shi ne an aika saƙon gargaɗi a cikin kamfanin, an kuma yi binciken na'urori, amma ba a gano manhajar da ke ɗauke da ɓarakar ba. Kamfanin bai san abin da ke cikin gidansa ba.

Shi Equifax ma yana da facin da zai sa, bai sa ba ne kawai. Wanda ya zauna a kan zubin da aka daina tallafawa ba shi da ko wannan. Tallafin kyauta na Spring Boot 2.7 ya ƙare a Nuwamban 2023, na Spring Framework 5.3 kuma a ƙarshen Agustan 2024. Ɓarakar da aka gano bayan nan, gyaranta na tsohon zubi sai ga mai biyan kuɗi. A Disambar 2021, lokacin da ɓarakar Log4Shell ta laburaren Log4j ta tashi hankalin duniya, an ga bambancin a fili. Waɗanda manhajojinsu ke kusa da sabon zubi sun sauya lamba ɗaya a fayil ɗaya, suka sake gini, suka tafi barci. Waɗanda ke kan Java 6 da 7 sai da suka jira aka yi musu faci na musamman, wasu kuma suka kwana suna laluben inda Log4j ya ɓuya, don ba su suka saka shi ba, wani laburare ne ya jawo wani laburaren da ya jawo shi.

Saboda haka aikin ɗagawa ba ya farawa da sauya lambar zubi. Yana farawa da ƙidaya. Umarnin dependency:tree na Maven yana zayyano duk laburaren da kowane sashe ya dogara da shi, har da waɗanda suka shigo ta bayan gida, kuma a manhaja matsakaiciya jerin kan kai ɗaruruwa. A nan ake gano cewa sashen rahoto yana amfani da wani zubi na laburaren Jackson, sashen kuɗi yana amfani da wani. Tunda ɗaya ne kawai zai shiga fayil ɗin ƙarshe, dole a yi zaɓi, kuma kayan ginin biyu, Maven da Gradle, ba sa zaɓi iri ɗaya. Maven yana ɗaukar wanda ya fi kusa da tushen bishiyar, ko da tsoho ne. Gradle yana ɗaukar mafi sabo. Sakamakon zaɓin da bai dace ba shi ne kod ya haɗu lafiya, gwajin kowane sashe ya wuce, sai an tayar da komai tare a ga NoSuchMethodError. Maganin shi ne a tattara lambobin zubi duka a wuri guda, a fayil ɗin uwa ko a abin da ake kira BOM, a hana kowane sashe rubuta tasa lambar, sannan a sa Maven Enforcer ya tsayar da gini duk lokacin da aka samu saɓani. Wannan aiki ba ya buƙatar Spring 6. Ana iya yin sa yau a kan tsohuwar manhaja, a fitar da ita, ba wanda zai ji a jikinsa.

Sai tsallen Java kansa, wanda ya kamata a raba shi da tsallen firemwok. Yawancin tsofaffin manhajoji suna kan Java 8 na 2014, kuma tsakanin 8 da 17 akwai kwazazzabai biyu. Na farko a Java 11 na 2018, inda aka cire wasu kayayyaki da suka daɗe a cikin Java, irin su JAXB mai sarrafa XML, aka ce kowa ya ɗauko da kansa. Na biyu ya samo asali daga Java 9 na 2017, wanda ya tsattsaga Java kansa zuwa sassa, aikin da Mark Reinhold ya jagoranta shekaru da dama. Da farko an bar ƙofofin cikin gida a buɗe, ana gargaɗi kawai. A Java 16 aka rufe su, a 17 aka cire maɓallin da ke buɗe su gaba ɗaya. Laburaren da ya saba zura hannu cikin hanjin Java sai ya fara jefo InaccessibleObjectException. Ana iya buɗe ƙofa ɗaya-ɗaya da umarnin add-opens, amma manhajar da ke buƙatar layi ashirin na wannan umarni kafin ta tashi tana faɗin cewa laburarenta sun tsufa ne. Tsofaffin zubin Lombok, Mockito da ASM su ma sukan tsaya cak, da saƙon da duk wanda ya yi aikin ya haddace, mai ambaton lamba 61, wato lambar fayilolin Java 17.

Akwai wani abin ban takaici a nan da ya cancanci a ɗan ratse a faɗa. Ɓarakar Spring4Shell ta Maris 2022 ta shafi waɗanda suka bar Java 8 ne. Tun 2010 Spring ya toshe wata hanya da masu kutse ke bi, sai tsarin sassa na Java 9 ya ƙara wa kowane aji wata sabuwar ƙofa mai suna getModule, wadda ta zagaye toshiyar ba tare da kowa ya lura ba. Waɗanda suka ɗaga Java suka bar Spring a baya su ne suka fi shiga haɗari. Ɗaga rabi a tsaya ba wurin hutawa ba ne.

Magina Spring sun shimfiɗa matakala, kuma wanda ya tsallake ta ya wahalar da kansa. Spring Boot 2.7, na Mayun 2022, yana aiki a kan Java 8 da kuma Java 17, don haka ana iya hawa 2.7 tukuna, a fitar, a sauya Java, a sake fitarwa, duk kafin a taɓa jakarta. Spring Security 5.8 kuma an yi shi ne musamman don zama gada: yana karɓar sabon salon rubuta dokokin tsaro a kan tsohon harsashi. Ajin WebSecurityConfigurerAdapter, wanda kusan kowace manhaja ta gada, an yi masa alamar tsufa a 5.7, aka cire shi a 6.0. Wanda ya sake rubuta dokokin tsaronsa tun yana kan 5.8, ya gwada su da masu amfani na gaske, ya rage wa ranar ƙaura ɗaya daga cikin manyan kayanta. Duk abin da za a iya fitarwa kafin babban tsallen, a fitar da shi. Abin da ya rage shi ne wanda ba ya rabuwa.

Sauya sunan kansa shi ne mafi sauƙi, amma yana da tarko. Injiniya mai gaggawa yakan ce wa editansa ya nemo duk javax ya mayar jakarta, sai ya wayi gari da ɗaruruwan kurakurai, domin ba duka ne suka ƙaura ba. Abin da ke cikin Java kansa yana nan da tsohon sunansa: javax.sql, javax.crypto, javax.net, javax.naming. Wani wurin ma gida ɗaya ne ya rabu biyu. javax.transaction ya koma jakarta, amma javax.transaction.xa bai motsa ba. PostConstruct da ke ƙarƙashin javax.annotation ya tafi, javax.annotation.processing ya zauna. Kuma sunan ba a kod kaɗai yake ba, yana cikin web.xml da persistence.xml da fayilolin saiti, inda ba abin da zai ja kunne idan aka manta. Shi ya sa aka ƙera kayan aiki. OpenRewrite, wanda Jonathan Schneider ya fara a Netflix, yana karanta kod da fahimtar nau'in kowane abu, ba haruffa kawai ba, ya yi sauyin a dukkan sassa a tashi ɗaya. Eclipse Transformer da na'urar ƙaura ta Tomcat suna iya sauya fayil ɗin da aka riga aka gina, abin da ke ceton wanda ya rasa ainihin kod ɗin wani tsohon sashe.

Inda aiki ke cijewa shi ne kod ɗin da ba na mai manhaja ba. Springfox, laburaren da dubban manhajoji ke fitar da bayanin API da shi, ya yi fitowarsa ta ƙarshe a 2020, bai taɓa zuwa jakarta ba. Duk mai amfani da shi sai da ya koma springdoc, ya sake rubuta alamomin da ya warwatsa a kowane sashe. Spring Boot 3.0 ya fito babu tallafin ActiveMQ na gargajiya, saboda a lokacin ba a gama sigarsa ta jakarta ba, sai a 3.1 aka dawo da shi. Kamfanin da saƙonninsa ke bi ta nan ya yi jiran wata shida, komai ƙwazon injiniyoyinsa. Spring Cloud Sleuth an rufe shi, aikinsa ya koma Micrometer Tracing. Wasu, irin su Ehcache da Querydsl, sun fitar da siga biyu a zubi ɗaya, ɗaya ta javax, ɗaya ta jakarta, kuma wannan dabara ce da ya kamata duk mai sashen da manhajoji biyu ke rabawa ya kwaikwaya, don kada ƙaurar ɗaya ta tilasta wa ɗayar tashi kafin ta shirya. Laburare guda da aka yi watsi da shi, a sashe guda da ba wanda ya buɗe shekara uku, ya isa ya riƙe sassa goma sha biyar da suka shirya. Idan aka gano irinsa, zaɓin uku ne: a maye gurbinsa, a ɗauki nauyin gyara shi, ko a cire sashen gaba ɗaya a tayar da shi a injinsa daban, yana magana da sauran ta hanyar sadarwa. Na ukun ya fi tsada fiye da yadda ake zato, kuma bai kamata a zaɓe shi don gudun aikin mako biyu ba.

Yawancin waɗannan kurakurai ne masu ihu, kuma mai ihu ba shi ne abin tsoro ba. Na tsoro su ne masu shiru. A tsohon tsari, sashen da ke son Spring Boot ya ɗauke shi kai tsaye yakan rubuta sunansa a fayil mai suna spring.factories. A 2.7 aka kawo sabon fayil mai dogon suna da ke ƙarewa da AutoConfiguration.imports, a 3.0 kuma aka daina duba tsohon don wannan aiki. Sashen da ba a sauya masa ba ba ya fashewa, ba ya ƙorafi, kawai ba a loda shi. Idan sashen aika saƙon taya murna ne, da sauƙi. Idan kuwa shi ne ke rubuta wa ya duba fayil ɗin wane, ko shi ke tace masu shiga, manhajar za ta yi makonni tana aiki a buɗe kafin a ankara. Haka batun karan da ke ƙarshen adireshi: a da, adireshi mai kara a ƙarshe da marar kara duk ɗaya ne, daga Spring 6 kuwa sun zama biyu, mai karan ya koma 404. Manhajar waya da aka raba wa jama'a shekara biyu da suka wuce, wadda ke kiran adireshin da kara, za ta mutu a hannun mutane alhali duk gwajin ofis kore ne. Sunayen saiti ma sun sauya, spring.redis ya koma spring.data.redis, kuma saitin da ba a gane ba watsi ake yi da shi, a koma kan na asali. Akwai ɗan laburare, spring-boot-properties-migrator, da ke lissafo irin waɗannan lokacin tashi. A saka shi lokacin ƙaura, a cire bayan an gama.

Mafi haɗari yana wajen rumbun bayanai. Spring Boot 3.0 ya zo da Hibernate 6, wanda ya sauya yadda ake ba sabbin layuka lamba. A da, idan ba a faɗi komai ba, dukkan teburori suna ɗibar lamba daga maƙirga ɗaya mai suna hibernate_sequence. Yanzu kowane nau'in bayani da tasa. Idan aka bar Hibernate ya ƙirƙiro sababbin da kansa, daga 1 za su fara, a teburin da ya riga ya cika da layuka. A rumbun gwaji wanda babu komai a ciki ba za a ga matsala ba. A rumbun gaske, rajistar farko za ta yi karo da lambar da wani ya riƙe shekara biyar. Akwai saitin da ke dawo da tsohon hali, amma sai wanda ya karanta takardar ƙaura ya san da shi. Wannan kaɗai ya isa hujjar cewa gwajin ƙarshe a kan kwafin bayanan gaske ake yin sa, bayan an ɓoye sunayen mutane.

Wanda ke son ganin yadda ake wannan aiki a mafi wuyar yanayi ya dubi Jenkins, manhajar da kamfanoni ke gina kod da gwada shi da ita. Kohsuke Kawaguchi ne ya fara ta a kamfanin Sun da sunan Hudson, kuma a 2011 ta sauya suna saboda rigimar tambari da Oracle ɗin dai. Jenkins uwa ce da fulogin fiye da 1,800, waɗanda mutane daban-daban suka rubuta, wasu suna nan, wasu sun daɗe da barin aikin. Babu wanda zai iya kiran su taro ya ce ranar Litinin kowa ya koma jakarta. Ga shi kuma a lokacin tallafin Spring 5.3 yana dab da ƙarewa a Agustan 2024.

Abin da suka yi, aikin da Basil Crow ya ja gaba, shi ne tsattsaga tsallen. Sun fara hawa Jetty 12, sabar da ke iya ɗaukar tsohon tsari da sabo, suka zauna a tsohon tukuna. Sannan suka juya uwar zuwa jakarta da Spring Security 6, amma ba su goge tsofaffin ƙofofi ba. Kusa da StaplerRequest, wanda fulogin suka saba kira, suka kafa StaplerRequest2, suka rubuta kod ɗin da ke fassara tsakanin biyun, ta yadda fulogin da ba a taɓa ba zai ci gaba da aiki yana zaton yana tsohon gida. Suna da na'urar da ke gwada ɗaruruwan fulogin a kan sabuwar uwa kafin a saki komai, kuma waɗanda suka karye aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka gyara tun kafin ranar. Zubin dogon tallafi na 2.479.1 ya fito a Oktoban 2024 da sharaɗin Java 17. Sun biya farashi, domin uwar ta ɗauki nauyin kod biyu na tsawon lokaci. Ga manhajar da dukkan sassanta ke hannun ƙungiya ɗaya, wannan gada ɓata lokaci ce, gara a yi tsalle ɗaya a wuce. Ga wadda wasu ke rubuta mata sassa daga waje, irin OpenMRS, da wuya a samu wata hanyar.

Ƙaura kuma tana tona asirin sassan bogi. Manhajoji da yawa sassa ne a ido kawai: folda daban-daban, amma kowane yana zura hannu a cikin kowane. Ajin da ke ɗauke da dokar lissafin albashi ya shigo da HttpServletRequest, abin da ba shi da alaƙa da albashi, don wata rana wani ya ga ya fi sauƙi. Sashen da aka gina da tsabta, wanda dokokin aikinsa ba su san Spring ko sabar ba, yakan wuce ƙaurar ba a taɓa layi ɗaya a cikinsa ba. Tun a Spring Boot 2.6 aka hana ɓangarori biyu dogaro da juna a zagaye, kuma akwai saitin da ke ɗage hanin. Yawan manhajojin da suka kunna wannan saiti suka wuce, maimakon warware zagayen, ya nuna yadda ake tara bashin.

Ranar fitarwa tana da nata ladubban. Reshen kod da ake ƙaura a kansa kada ya daɗe, domin kowace rana sauran injiniyoyi suna ƙara sabon javax a babban reshe, haɗewar tana ƙara wuya. Gara a tsayar da sabon aiki na 'yan kwanaki. Sauyin rumbun bayanai a yi shi yadda tsohon zubi zai iya aiki da shi, in ba haka ba komawa baya ta zama magana kawai. A fara da saba ɗaya da kaso kaɗan na masu amfani, amma a tabbatar an san wace saba ke ɗauke da wane zubi. A ranar 1 ga Agustan 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital ya ɗora sabon kod a saba bakwai cikin takwas, ta takwas ta ci gaba da tsohon, kuma cikin minti 45 aka yi asarar dala miliyan 440. Ba ɗaga firemwok suke yi ba, amma kuskuren irin wanda ke jiran kowace fitarwa ne da aka yi da hannu.

Abin da ya sauya tun 2018 shi ne saurin agogo. Java na fitowa duk wata shida, a Maris da Satumba, zubin dogon tallafi kuma yanzu duk shekara biyu: 21 a 2023, 25 a 2025. Spring Boot na fitowa a Mayu da Nuwamba, kowane zubi da tallafin kyauta na kimanin shekara guda. A Nuwamban 2025 Spring Boot 4.0 ya fito a kan Spring Framework 7 da Jakarta EE 11, ya tsattsaga babban fayil ɗinsa na saitin kai tsaye zuwa ƙananan sassa, ya kuma koma Jackson 3, wanda shi ma ya sauya sunan da ake shigo da shi. Ma'aikatar da ta ba da kwangilar gina manhaja a 2019 ba tare da kasafin kula da ita ba, yanzu manyan tsalle biyu ne a gabanta, kuma sai ta bi ta 2.7, ta ratsa zuwa 3.5, kafin ta taɓa 4.0.